Yajin Aikin Saje

Juma'a, 20 ga Disamba, bayan la'asar

'Yata Wahiba ce ta ce in riƙa rubutawa. "Yemma, duk sanda ya mutu ki rubuta ƙarfe nawa ne, da abin da kika yi masa, don mai gyara ya gani." 'Yar da na koya wa riƙe alƙalami, yau ita ke ba ni aikin gida. To, na karɓa. Na ciro littafin babanta da ke rataye a ƙusa kusa da Saje, na buɗe sabon shafi.

Saje ita ce tukunyar gas ɗin da ke tsaye a kusurwar kicin ɗinmu, mai dafa ruwan da ke zagaya ƙarafunan ɗumi na ɗakuna. Maigidana Si Belkasem ne ya raɗa mata sunan, wai gunaguninta irin na wani saje ne da ya gasa musu aya a hannu lokacin da yake soja. Tun daga nan muke kiranta kamar namiji. Shekara goma sha ɗaya ke nan da gas ya iso garinmu Aris, kuma ban taɓa sa wa Saje hannu ba. Na maigida ne. Ni nawa masaƙa ce da kaskon gasa gurasar kesra.

Tun ranar Talata maigida yana asibiti a Batna. Hawa na biyu, gadon da ke jikin taga. Iyakar abin da zan rubuta a kan Talata ke nan.

Yau Saje ya mutu ƙarfe tara na safe, Wahiba ta kunna shi, ya sake mutuwa ƙarfe biyu. Ba na son wannan kalmar a littafin nan. Daga yanzu zan ce ya yi shiru.

Asabar, 21 ga Disamba, ƙarfe goma na safe

Na kunna shi da hannuna! Ni Zerfa, shekara sittin da huɗu!

Ashe komai yana cikin littafin. Mutumin da ba ya iya yin magana jimla uku a jere ya cika shafi arba'in a kan tukunya. "In ƙaramar wutar ta ɗauke: juya maɓalli zuwa alamar tauraro, danna, riƙe, ƙirga talatin, sannan saki a hankali." Na durƙusa, gwiwoyina suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa, na danna, na ƙirga da ƙarfi yadda nake sa 'yan aji biyu su yi. A ashirin da tara na tsorata na saki. Ya yi shiru. Na sake. Karo na uku sai ga shi ya yi "buf", wuta ta tashi rawaya, mai kyau kamar man shanu. Na yi guɗa ni kaɗai a kicin, har magenmu Minush ta ruga ƙarƙashin masaƙa.

Na ba kaina tara bisa goma. Shekara talatin da biyu ina ba yara maki, bakin bai saba dainawa ba.

A gefen kowane shafi na kaka da hunturu akwai wasu 'yan layuka da ya jejjera, kamar na mai ƙirga tumaki. Babu bayani. Zan tambaye shi.

Wani abin daɗi: Minush ta tuba. Akwai wani rami a bangon kicin can ƙasa, daidai bayan kujerar da nake zama in yi saƙa, shirmen maginin da ya yi mana aiki. Iskar dutsen Shelia ta nan take shigowa ta cije ni a idon sawu. Duk sanda ta taso nakan dunƙule ragowar ulu in toshe, kuma duk sanda na toshe, kafin gari ya waye wannan ɓarauniyar magen ta sace. Shekara goma sha ɗaya muna wannan shari'a da ita. Amma tun Talata ba ta taɓa shi ba. Dabba ma ta san gidan ba daidai yake ba.

Lahadi, 22 ga Disamba, da yamma

Mun je Batna da Wahiba. An yi masa aski, ya yi kyau. Ya ci dabino biyu. Na zauna ta ɓangaren hagunsa, ta nan ya fi jin daɗi.

Na ba shi labarin yadda na kunna Saje, har da guɗar. Ina jiran ya ce "Madalla, Malama," yadda yake ce mini tun ranar da aka kawo ni gidansa, da wannan muryar ta tsokana. Bai ce ba. Bakin yana ƙoƙari. "Bismillah" tana fita tsaf, "a'a" ma tana fita, sauran suna kan hanya in sha Allahu. Da na ce Saje yana yawan yin shiru sai idonsa ya buɗe, ya ɗaga hannun hagu, ya haɗa yatsu biyu yana ja kamar mai cire ƙaya. Na ja masa bargo. Ya ce a'a. Na miƙa masa dabino. Ya ce a'a da ƙarfi, har mutumin gadon kusa ya farka.

A mota Wahiba ta yi ta gyaran murya kafin ta fito da shi.

"Yemma, likita ya ce ana iya sallamarsa kafin sabuwar shekararmu ta Yennar. Amma ya ce sanyi ne babban abokin gabansa yanzu. In gidan bai yi ɗumi ba, zan tafi da shi gidana a Kusantina. Da ke duka."

"Hawa na huɗu? Ya riƙa kallon wanki a barandar mutane?"

"Hawa na huɗu mai ɗumi, Yemma."

"Mutumin da ya yi shekara talatin yana gadin daji? Kwana uku zai yi ya bushe kamar ɓaure."

"To ki gyara Saje."

Haka ta ce mini, idonta a kan hanya. Halina ta ɗauko tas, shi ya sa ban iya yi mata faɗa ba. Kwana ashirin ya rage.

Litinin, 23 ga Disamba, hantsi

Hadda maƙwabciyata ta shigo da gahawa da shawara, ba wanda na roƙa a ciki. Ta tsaya gaban Saje, hannu a ƙugu.

"Wannan ido ne, Zerfa. Wa ya shigo ya yaba ɗumin gidan nan?"

"Ke. Kullum."

"To ni idona mai albarka ne. Kin duba batir?"

"Wane batir? Tukunya ce, ba rediyo ba."

Ashe ɗan akwatin nan na bangon zaure, mai nuna zafin gida, yana cin batir biyu. Shafi na shida ya faɗa. Muka buɗe da wuƙar tebur, muka ciro na agogon bango muka sa. Saje ya kama, ya yi ta gunaguninsa har Hadda ta shanye gahawar da ta kawo mini, tana shiga tana fita, ƙofar tsakar gida a hangame kamar yadda ta saba. Ta tafi tana cewa in gaya wa Wahiba wa ya gyara. Na rufe ƙofa. Minti arba'in, ya yi shiru.

Hadda: biyar bisa goma, saboda gahawar. Yanzu agogon bango ma ya tsaya.

Talata, 24 ga Disamba

Mako ɗaya.

Alhamis, 26 ga Disamba, bayan azahar

Rabona da dariya irin ta yau tun bikin Wahiba.

Ƙarfen ɗumi na ɗakinmu ƙasansa zafi, samansa sanyi. Littafi ya ce iska ce ta maƙale a ciki, a sako ta da ɗan makullin da ke cikin gwangwanin shayi. Na kira Hadda ta riƙe kwano. Na juya makulli, ya fara "fisss" kamar maciji.

"Ƙara juyawa," in ji Hadda, ta kai fuskarta dab. "Ke komai naki da tsoro."

Na ƙara. Ruwa baƙi ƙirin ya yi tsartuwa ya same ta tun daga goshi har haɓa, kwanon kuwa yana hannunta a bushe. Ta tsaya baki buɗe, sai idanu farare.

"Allah ya isa tsakanina da Sajenku! Sabon ɗankwalina!"

"Ai ya yi miki kwalli ne kyauta, 'yar'uwa. Ki je kasuwa haka, ko Allah ya sa a dace."

Muka zube a ƙasa muna dariya, tsofaffi biyu, har hawaye. Nawa hawayen ya ɗan wuce na dariyar, ta yi kamar ba ta gani ba, ta hau zagin makullin.

Ƙarfen ya yi zafi har sama. Saje ya yi shiru ƙarfe huɗu saura.

Asabar, 28 ga Disamba, da safe

Dusar ƙanƙara ta rufe hanyar Batna. Ba zuwa yau, ba zuwa gobe. Wahiba tana can wurinsa, ta kara masa waya a kunne, na yi ta zuba kamar rediyo. Na ji numfashinsa. Na ji "a'a" sau biyu.

Si Rabah mai gyaran tukwanen gas ma ba zai iya hawowa ba. Ɗalibina ne, shi ne wanda bakwai sau takwas ta gagara har ya bar hannuna. Yanzu ga shi da gemu da mota. Khalti yake ce mini, wato inna. Ta waya ya ce, "Khalti, dubi agogon da ke gaban tukunyar. Allurar tana kan nawa?"

"Ƙasa da ɗaya."

"Akwai ɗan famfo baƙi a ƙarƙashi. Buɗe shi a hankali har ta kai ɗaya da rabi, sai ki rufe. Kar ki wuce."

"Ɗaya da rabi nawa ne in an ninka shi bakwai?"

"Haba Khalti, don Allah ki rufa mini asiri, matata tana ji."

Allura ta kai ɗaya da rabi. Na ji kaina kamar direban jirgi. Saje ya yi awa ɗaya cur, sannan ya koma yajin aikinsa.

Lahadi, 29 ga Disamba, la'asar

Kaina yana ciwo kwana biyun nan, musamman in na daɗe a kicin. Barci yana fizgata a gaban masaƙa kamar wata ragguwa. In Saje ya yi shiru na fita tsakar gida sai ya sake ni. Tunani ne. Ba zan gaya wa Wahiba ba.

Na je neman safa na buɗe ƙasan kabad, sai ga takalman ulun nan a jere. Kowace shekara, da zarar sanyi ya kama, Si Belkasem zai dawo daga kasuwa da takalmin ulu na zaman gida ya ajiye mini a kan kujerar saƙa. Mazan mutane suna kawo turare, nawa takalmi. Sau nawa na ce masa ni ba gizo-gizo ba ce, ƙafa biyu gare ni? Sai ya ce, "To, Malama." Shekara ta zagayo ya sake kawowa. Na ƙirga, ƙafa goma sha ɗaya, bakwai ko sawa ban taɓa yi ba.

Na sa na bana. Ja ne. Ya yi mini yawa kaɗan.

Litinin, 30 ga Disamba, bayan azahar

An buɗe hanya, Si Rabah ya zo. Kuma Saje, munafuki, ya zama ɗan kirki. Awa biyu yana aiki ba ko tari.

Yaron nan da taba yake aiki. Na ce ba a gidana ba, ya ce hannunsa ba ya tafiya sai da ita, muka sasanta a kan ya buɗe taga ya riƙa busawa waje. Ya kwance gaban tukunyar, ya goge baƙin da ya taru, ya canza wata 'yar waya ta jan ƙarfe da ya ce ita ke jin zafin ƙaramar wutar.

"Ga ta nan shuɗiya tas, Khalti. Haka ake so."

"In kana nan ne. In ni kaɗai ce rawaya take yi."

Ya dube ni. "Iska tana shigo masa kuwa?"

"Iska? Gidan nan ai kasuwar iska ce. Ba ka ji yadda take kaɗa mu ba?"

Ya fita ya zagaya bayan gida, ya dawo ya ce ragar waje a buɗe take, ba abin da ya tare ta. Ban san wace raga yake nufi ba, ban kuma tambaya ba, kar ya ga Malama ba ta sani ba. Ina zaune a kujerata, na baza zane, ina saƙa ina sa masa ido. Ya sha shayi, ya ci cincin ɗin makrud uku, ya tafi. Na rufe tagar da sauri.

Minti hamsin.

Si Rabah: huɗu bisa goma. Bai canza ba.

Talata, 31 ga Disamba

Mako biyu. Ya ɗaga babban yatsan dama, in ji Wahiba. Na dafa kuskus na rarraba wa maƙwabta.

Alhamis, 2 ga Janairu, da yamma

Na kai masa littafin. Da ya gan shi fuskarsa ta yi haske, ɓangaren da ke iya yi. Ya zauna da kansa yau, ya taka daga gado zuwa ƙofa da sanda, ma'aikaciyar jinya tana tafa masa kamar ɗan yaye. Na nuna masa shafukana da makin da na ba kowa. Ya yi dariya a kan na Hadda, dariyar ta fito a karkace, amma tasa ce.

Na nuna masa 'yan layukan gefen shafi na ce mene ne waɗannan. Sai ya karɓi alƙalami da hagu, ya daɗe yana fama, ya zana murabba'i, ya ja layuka a ciki. Ya buga shi da yatsa. Ya sake wannan jan na yatsu biyu.

Nan take na gane. Masaƙa ce, da zare. Bargon da na ɗora masa tun kaka yana kan masaƙa, kuma ba a barin saƙa ta kwana a kan itace ranar Yennar, uwarsa Allah ya jiƙanta ba ta taɓa yarda ba.

"Kwantar da hankalinka, Si Belkasem. Zan sauke shi kafin Yennar, ko da zan kwana a kicin."

Ya ce a'a, a'a, a'a. Ya rufe ido. Kawaicinsa ne, ba ya son in wahala. Na shafa masa kai na ce ya bar mini wannan.

Asabar, 4 ga Janairu, hantsi

Na hau rufin gida. Kar wanda ya gaya wa Wahiba.

Shafi na goma sha tara ya ce in komai ya ƙi, a duba bututun hayaƙi. Hadda ta riƙe tsani tana salati, na hau da igiya da dutse ɗaure a bakinta. Na zura sau uku, dutsen ya sauka har ƙasa ba abin da ya tare shi. 'Yan tsinke ne kawai na wani tsohon gidan tsuntsu.

Amma Allah, abin da na gani! Shelia fari fat, rana ta kwanta a kansa, itatuwan mishmish ɗinmu tsirara a jere, hayaƙi yana tashi daga kowane gida. Shekara arba'in da ɗaya ina ƙarƙashin rufin nan ban taɓa hawa ba, shi kuwa duk kaka yana hawa ya daɗe, in ta yi masa ihu abinci ya huce. Ashe wannan yake tsayawa kallo. Wa zai ɗauke mutumin nan ya kai shi hawa na huɗu?

"Sauko, akuya!" in ji Hadda. "In kika faɗo ni za a ce na tura ki."

Litinin, 6 ga Janairu, bayan la'asar

Sau huɗu yau. Na kunna, ya yi shiru. Na kunna, ya yi shiru. Batir sabo, ruwa ɗaya da rabi, ƙarafuna ba iska, waya sabuwa, bututu a buɗe. Na bi littafin nan shafi-shafi, ba abin da ya rage.

Wahiba ta kira. Asabar za a sallame shi. Ta ce ta riga ta gyara musu ɗakin yara. Ta faɗa a hankali, ba ta yi mini gori ba, da ma ta yi da na sami wanda zan yi wa faɗa. Na ce akwai sauran kwana biyar. Ta ce, "To, Yemma."

Ina jin tsoro. Na rubuta.

Talata, 7 ga Janairu

Mako uku. Saƙa. Kaina.

Laraba, 8 ga Janairu, azahar

Bargo ya sauka! Hadda ta zo muka yanke zaren ƙarshe da bismillah, muka kwance itatuwan masaƙa muka jingine a tsakar gida. Fari da baƙi, da jan layi a baki. Ko a Kusantina ne, da shi zai rufa. Gobe sharar Yennar. In ma barin gidan zan yi, ba zan bar shi da ƙurar bara ba.

Alhamis, 9 ga Janairu, ƙarfe goma sha ɗaya

Bari in zauna.

Sharar Yennar ba ta barin lungu. Kowace shekara ni ke yin ɗakuna da kicin, shi kuma ya yi ɗakin ajiya, ya ce akwai nauyi, kar in shiga. Bana ba shi. Na ja tulunan man zaitun, na ja buhun alkama, sai ga akwatinsa na ƙarfe na zamanin soja. Na ɗauka takardu ne. Na buɗe.

Ulu. Dunƙule-dunƙule, cike har baki. Shuɗin da na yi wa Wahiba bargon aure da shi. Koren shekarar da aka yi babbar ƙanƙara. Ruwan ƙasar da na rina da ɓawon goro na ce bai yi kyau ba. Kowane da irin murɗin hannuna. Ga wani buhu a bayan akwatin, shi ma cike.

Na zauna a ƙasa. Minush ta shigo ta zauna a gabana tana lasar hannu, tana kallona kamar alƙali.

Yatsu biyu, a ja. Murabba'i mai layuka. 'Yan layukan gefen shafi, ɗaya bayan ɗaya, duk hunturu.

Na tashi na je kicin, na ture kujerata, na durƙusa. Na haɗa yatsu biyu na ja. Ulun ya fito, mako uku da kwana biyu yana ciki, na ƙara masa wani a kan wani. A bayansa ga raga ta ƙarfe, murabba'i, da layukanta, hasken waje yana shigowa. Iska ta daki fuskata. Na kunna Saje, na ƙirga talatin. Wutar ta tashi rawaya, ta yi rawa, ina kallo ta tattara kanta ta koma shuɗiya.

Alhamis, bayan la'asar

Awa biyar. Ƙofa a rufe, taga a rufe, yana ta gunaguni.

Na kira Si Rabah na faɗa masa.

"Khalti, ramin nan ba kuskuren magini ba ne. Ta nan tukunyar take numfashi. In an toshe, wutar ta rasa iska, sai ta fara fitar da wani hayaƙi mara wari. Akwai abin da aka sa mata a wuya, in ya ji hayaƙin yana dawowa ɗaki sai ya kashe ta. Kina ciwon kai?"

Na ce kaɗan.

"Innalillahi. Khalti, duk shirun nan da yake yi, ranki yake ceta. Ni kuma da ban ce ki tashi daga kujerar nan ba, wallahi na cancanci bulala."

Na ce bulala tawa ce. Na ƙara masa maki zuwa bakwai.

Si Belkasem ya faɗa mini fa. Yanzu na tuna. Shekarar farko, makon farko, ya ce, "Malama, ramin nan a bar shi a buɗe." Na ce wato in daskare don a faranta wa tukunya, na ce shi da bai ƙare firamare ba zai koya mini iska? Kwana uku ban yi masa magana ba. Bai ƙara tayar da zancen ba. Sai dai ya jira in tashi daga kicin, ya durƙusa ya cire, ya ɓoye, ya ja layi a littafi. Ya ji ina zagin mage, ya yi shiru. Ya je kasuwa ya sayo takalmi.

Na yi kuka sosai, sannan na yi dariya, sannan na dafa wa Minush hanta.

Juma'a, 10 ga Janairu, da safe

Bai yi shiru ba. Kaina garau. Na kira Wahiba na kara wayar a jikin Saje ta ji da kunnenta. Ta ce me ya gyara shi. Na ce aikin injiniya ne, ba za ta gane ba.

Asabar, 11 ga Janairu, bayan magariba

Ya dawo.

Wahiba ta shigo gaba da ma'aunin zafi a hannu kamar 'yar sanda, ta bi ɗaki-ɗaki. Ashirin da biyu. Ta cire rigar sanyinta, ta rungume ni, ba ta ce komai a kan Kusantina ba, ni ma ban ce ba.

Shi kuwa ko zama bai yi ba. Da sandarsa, taki ɗaya-ɗaya, yana jan ƙafar dama, ya wuce gadon da muka shimfiɗa masa, ya wuce Hadda da ke guɗa, ya nufi kicin. Ya tsaya a ƙofa ya dubi ƙasan bango. Rami a buɗe. Kujerata ta koma ɗaya ɓangaren. Akwatin soja a tsakiyar ɗaki, murfinsa a ɗage. Ya dubi ƙafata, jan takalmi.

Na ɗauki Minush na ɗaga ta a gaban kowa na ce, "Baiwar Allah, na yi miki ƙazafi shekara goma sha ɗaya. Ki yafe ni. Ga ɓarawon nan a tsaye."

Ya yi dariya har sai da Wahiba ta riƙe shi. Hadda ba ta san zancen ba, amma ta fi kowa dariya.

Mun ci dafaffiyar alkamar Yennar da shakshuka da kaza. Ya ci da hagu, ya ɓata sabon bargon da miya tun ranar farko. Ban ce komai ba. To, na ce kaɗan.

Lahadi, 12 ga Janairu, Yennar, hantsi

Rana ta shigo kicin. Yana zaune kusa da Saje, bargo a gwiwa, ya nuna littafin. Na ba shi. Ya bi shafukana ɗaya-ɗaya, tun daga taran da na ba kaina. Ya nuna alƙalami. Na miƙa wa hagu, ya ce a'a. Ya ɗauko hannun daman da hagun, ya ɗora shi a kan shafi, na sa masa alƙalamin tsakanin yatsu.

Ya daɗe. Zufa ta karyo masa. Wahiba ta tsaya da tire a hannu ba ta ko numfashi. Layin ya tashi, ya karkace, ya zagayo, da ƙyar ya haɗu da inda ya fara. Ya ja masa layi biyu a ƙasa, yadda nake yi wa yara.

Ya ɗago ya dube ni, bakin ya yi ta shiri, sannan ya fito.

"Ma-la-ma."

Sifili ne. Yana nan a ƙasan wannan shafin, mai kama da ƙwai da aka taka. Shekara talatin da biyu ina rabawa, ban taɓa karɓa ba sai yau, kuma wallahi duk wanda ya goge mini shi sai mun je kotu.

Ƙafata tana jin iska. A bar ta ta ji.